Kwaɗon Dankalin Delphine

Corliss ta sha tsayawa gaban 'yan sanda a titunan Detroit tana rera waƙoƙinta ta lasifika, tana faɗa wa duniya cewa ita baƙar fata ce, mace ce, kuma mace take so. Amma Gwaggo Ozella, yayar mahaifinta, ta gagare ta.

Gwaggo ce ke raba aiki a taron dangi na kowace shekara. Wanda aka ɗauka ɗan gida, girki ake ba shi. Bare kuwa, ya kawo ƙanƙara. Delphine, wadda Corliss ke zaune da ita tun kansu bai san furfura ba, kullum ƙanƙara. "Ƙawar Corliss," in ji Gwaggo, sai ka ce jiya suka haɗu a bas.

Bana Delphine ta rantse, in aka sake mayar da ita baƙuwa, ita da taron nan har abada. Ta kuma taro aradu da ka: ta haɗa kwaɗon dankali, abincin da Gwaggo kaɗai ke yi, ta dire shi a tebur kusa da na tsohuwar.

"Ke, so kike a kashe mu?" in ji Corliss. "Bari in yi musu magana, ai baki ne sana'ata."

"Shekara nawa kina maganar? Matsa min."

Dangi suka dinga kewaye kwanon kamar da maciji a ciki. Takaici ya ishi Corliss. Ita da ta tsaya kai da fata har aka buɗe mafaka ga matan da ake duka, yau ga ta tana gadin dankali! Ta miƙe za ta yi jawabi.

"Zauna, 'yar nan, ba zanga-zanga muka zo ba," in ji Gwaggo. Ta dogaro sandarta, ta ɗebi cokali guda, ta tauna, ta yamutsa fuska.

"Wa ya koya miki zabga sukari haka?"

"Kakata ce, Gwaggo," in ji Delphine.

"Allah Ya jiƙanta, amma ta cuce ki. Ƙwan ma bai isa ba. Baɗi ki zo gidana tun jajibiri, a gabana za ki yi shi."

Sai ta waiwayo ta harari Corliss.

"Ke kuma kin saki baki. Tun safe matarki take tsaye, ko kujera ba ki iya ba ta ba? Haka muka tarbiyyantar da ke?"

Corliss ta janyo kujerar tana tsaki, idonta cike da hawaye.