Labulen Ajin Malama Ramlat

Ranar Talata aka kawo majigi makarantar ƙauyenmu, kusa da Makoɗa. Manya suka yi jawabi, suka ci kaji, suka tafi. Babu wanda ya lura tagogin ajin ba murfi, rana tana cinye hoton.

Matata, Malama Ramlat, ta yanka atamfofin lefenta ta ɗinka labule, ta shafe bango da farar ƙasa. Da na leƙa, na tarar 'ya'yan manoma sun yi tsit, suna kallon yadda gyaɗa ke tsirowa a ƙarƙashin ƙasa.

Na jinkirta yabo don kada kanta ya yi girma. Zazzaɓi ya riga ni, ya ɗauke ta. Ramlat, duk karatuna, ban taɓa ganin darasi irin naki ba.