Haƙorin Sama

…amma ƙusar tana nan. Ina ganinta. Ga ta a bango inda kake rataye hularka, Kang Sarwo mijina, shekara shida ba kai ba hula, ita ba ta gaji ba. Na rufe idon dama da tafin hannu, na bar na hagu shi kaɗai. Tana nan. Sai dai gefenta ya yi gashi-gashi. Da hantsi ba ta da gashi. Hawaye ne? Hawaye ne mana, idon da ke maƙwabtaka da ciwo dole ya kawo ruwa. To in ba hawaye ba ne fa?

Kwana huɗu ke nan. Litinin aka cire, yau Juma'a, maza sun sauko daga masallaci, ina jin takalmansu a lungu. Haƙora biyu aka cire, duk a hagu, na can ƙurya waɗanda ba sa fitowa sai mutum ya girma. Ɗaya ƙasa, ɗaya sama. Na ƙasan ban damu da shi ba. Na saman ne, Kang.

Ka san maganar kamar yadda na san ta. Duk wanda aka haifa a Brebes ya san ta. Haƙorin sama da ido zare ɗaya ya ɗaure su, a ja wancan, wannan ya biyo. Gwaggo Tumirah ba tatsuniya ba ce, a gidanmu ta ƙare. Mai cire haƙori na ranar kasuwa, mai kwalba cike da haƙoran mutane, shi ya zare mata na sama, kafin a cire albasar shekara mai zuwa tana laluben bango tana tambaya ko rana ta fito. Idonta a buɗe, fari kamar ƙwan kifi… a'a, kamar idon dafaffen kifi. Shi nake gani in na rufe nawa.

Shekara uku ina riƙe da ciwon nan don kar a taɓa shi. Kanumfari, gishiri, tafarnuwa, man zafi a kumatu. Sai da bakin ya ƙi buɗuwa fiye da faɗin yatsa biyu, sai da na kasa yi wa manomi tsawa a kan farashi, sannan na je.

Likitar yarinya ce, ba ta kai ɗanmu Danu ba. Dariya ta yi a bayan ƙyallen bakinta, na gani a idonta. Wai, Bu Rumini, babu wani zare, na cire fiye da dubu. Na ce cikin dubun nawa kika bi gida bayan shekara kika duba? Sai ta juya tana jera ƙarafunanta. Ka ga?

Na ce tunda biyu ne a yi mini farashin sari. Wai nan ba kasuwa ba ce, Bu. Duk inda hannu ya miƙa wani hannu ya karɓa kasuwa ce, 'yata. Ba ta rage ko rupiya ɗaya ba, amma na ce a ba ni haƙorana gyara, aka ba ni a leda. Na ƙasan a farfashe, gida uku, sai da ta yanka shi a cikin bakina kamar ana yankan tayil — ƙarar nan, ƙaurin nan, ƙaurin ƙaho a wuta, kuma ni ce ke ƙonewa…

Ya sake tasowa. Tsaya. Tsaya, Kang, bari ya wuce.

Daga ramin ƙasa yake farawa, abin da ban gane ba ke nan. Ramin saman shiru. Na ƙasan ne ke bugawa, ya bi muƙamuƙi, ya shiga kunne, ya hau gefen kai, ya zo ya zauna a bayan ido ya miƙe ƙafa. Ran Talata bai yi haka ba. Laraba har na ce na warke, na share tsakar gida, na jefa gutsattsarin na ƙasan kan rufi yadda Inna ke mana muna yara, na ƙasa sama, na sama ƙasa. Na saman ban binne ba. Yana cikin leda a ƙarƙashin matashi. In na binne shi da guntun zaren idona a jiki fa? Mace mai shekara arba'in da bakwai, tana kwana a kan haƙori.

Jiya da rana ya juyo. Ga wari. Ni da kaina ina jin warin bakina, kamar buhun da ruwa ya taɓa ƙasansa aka bar shi kwana biyar.

Ƙusa. Tana nan. Kalanda, tana nan, jajayen lambobi, baƙaƙen lambobi. Lambobi na san su, ba wanda zai cuce ni a lamba.

In idon ya tafi me ya rage mini? Faɗa mini. Daga tsallaken titi nake gane damin da aka yayyafa wa ruwa don ya yi nauyi. Ina gane ruɓa a wuyan albasa tun ba ta yi wari ba. Ina ganin allurar sikeli in an taɓa ta da ɗan yatsa, ina ganin lokacin da gefen bakin manomi ya saki, in san saura taku ɗaya ya sallama. Shekara talatin ni, Yu Rum mai albasa, ba a taɓa sayar mini da iska ba. Da me? Ba da miji ba, yanzu. Ba da ɗa ba, Danu yana cikin jirgin kamun kifi can inda waya ba ta kaiwa, wata bakwai ko muryarsa. Da idanun nan biyu ne kawai. Makauniya a rumfar albasa… za su ɗora mini duwatsu a sikeli in ce madalla.

Takardar tana ƙarƙashin sikeli. Na san tana nan. Ba sai ka tuna mini ba.

Nas ɗin ce ta ba ni, ina kan kujerar, auduga cike da baki, rabin fuskata ba tawa ba. Tana ta magana. Ni kuwa ina ƙirga layukan silin da ido ɗaya, in sauya, in ƙirga da ɗayan, ina jira in ga wanne zai fara duhu. Maganarta kamar ruwan sama a kan kwano. Kar ki kaza, Bu, kar ki kaza. Na ji kar ki ɗin, abin da ke binsa ne ya zube. Sannan ta ce duk yana cikin takardar nan, in karanta miki?

In karanta miki. A gaban mutum biyar da ke jira a benci, har da matar mai gidan shayin bakin tasha.

Na ce na bar tabarau a gida.

Kai ka san tabarau ɗin. Bayan rasuwarka na saye shi, gilashin banza ne, ba ya ƙara komai, aikinsa ɗaya, a manta shi a gida. Da kana nan da ba a kai nan ba. Da ka karɓi takardar ka ɗaga ta, ka yi tsakin nan naka, kai, ji abin da mutanen nan suka rubuta, ka karanta da ƙarfi kamar kanka kake wa mita. Takardar haraji, takardar makarantar Danu, wasiƙar ƙanwata. Shekara ashirin da huɗu ba ka taɓa cewa bari in karanta miki ba. Ko sau ɗaya. Ban taɓa ce maka na gode ba, don in na faɗa an san akwai abin godiyar. Aji biyu na yi aka cire ni zuwa tsinkar albasa, kuma duk kasuwar nan an ɗauka sa hannuna mai ƙugiya na masu boko ne.

To na yi abin da na sani. Me kuma zan yi? Inna in an yi rauni a baki ganyen sirih take dafawa, a kurkure da shi da ɗumi. Na dafa. Sau bakwai a wuni, da ƙarfi, yadda ruwan zai shiga ramin ya fito. Na sayi haɗin kurkur da tsamiya wurin mai tallar magani, bakin ba ya buɗuwa, na zuƙa da bututun roba. Ƙwayar shinkafa ta faɗa ramin ran Laraba da yamma, na bi ta da tsinke, a hankali, ni ba yarinya ba ce. Har wani baƙin gudan jini ya fito, mai kauri kamar hantar kaza. Na tofar a magudana na ce alhamdulillahi, mugun jini ya fita.

Maganin ina sha. Sau uku, ɗaya-ɗaya, lamba ce, na gane. Ba ya komai. Kamar jifan teku da gishiri.

Bari in ɗauko ta. Don in duba ido ne kawai, in ga ko ƙananan abubuwa na nan.

Suna nan. Tururuwa a jere. R, tawa ce, ina ganinta nan da can, M ma. Sauran… ba ido ne ya hana ba, Kang, tun da ma haka suke.

Amma wannan na san ta. Wannan kalma ta farkon layi, wadda a rubutun yarenmu take farawa da ƙugiya kamar ta rataye nama. Ita ce a bangon bayan kasuwa inda ake hana zubar da shara, ita ce a jikin turken wuta mai hoton ƙwarangwal. Kada. Ba wanda ya koya mini, bango ne. Ga ta a layi na ɗaya. Na biyu. Na uku, na huɗu, na biyar. Kada guda biyar a jere, kowace da jelarta a baya, jelar ce ba ni da mabuɗinta.

Kada me?

Ƙila akwai maganar ido a ciki. Ƙila layin ƙasan nan mai kauri cewa yake in ido ya fara ruwa ki dawo a ranar, kar ki kwana. Ƙila tun jiya ya kamata in… asibitin ƙarfe huɗu suke rufewa, sai Litinin kuma. Kwana uku. Gwaggo Tumirah a kwana nawa nata ya fara? Ba wanda ya rage da zan tambaya.

In koma in ce wa nas ɗin me? Na karanta, na bi? Za ta leƙa bakin ta gane. In tari mai keke a titi in miƙa masa? Kafin la'asar duk masu keken bakin kasuwa sun ji.

Darsih maƙwabciyata tana gida. Ina jin rediyonta.

A'a.

Taku goma sha biyu ne daga ƙofata zuwa tata, shekara tara ban yi su ba. Ita ta gama sakandare, ita ke rubuta wa matan kasuwa takardun ƙungiya. Ranar da na riga ta gonar Pak Kusnan da asuba na saye albasar da ta yi wata tana zawarci, ta zo rumfata tana rawar murya, a gaban kowa na ce, Darsih, takardar makarantarki ki soya ta ki ci da shinkafa. Aka yi dariya har layin masu kifi. Na ji daɗinta, ba zan yi maka ƙarya ba. Kai ne kaɗai ba ka yi dariya ba. Da muka dawo gida ka ce, Rum, wuƙar nan baki biyu gare ta. Na ce ka ci abincinka.

Ran Talata ta leƙo da kwanon kunun shinkafa, da ƙwan agwagwa mai gishiri a kai, ta tsaya a bakin ƙofa. Wai, Yu Rum, ashe bakin ya tafi hutu, shi ya sa kasuwa ta yi kyau yau, har tsuntsaye sun dawo. Na nuna mata da hannu na ci. Ban ci ba. Ta ajiye kwanon a dakali ta tafi. Na cinye bayan ta shiga gida. Kwanon yana nan, na wanke, ban mayar ba.

Kwanon… ai dole a mayar da kwanon mutane. Ba roƙo ba ne. Mutum ya kai kwano, takarda a hannunsa, ya ce tabarau ya fashe. Ta sani ko? Ta taɓa ganina da shi a fuska? Wa ya taɓa gani?

Ya taso. Wayyo Inna. Har cikin ƙwayar idon, kamar ana murɗa zare a tsinke…

Marfi.

Abin da ta ce ke nan. Nas ɗin. Ta nuna bakinta da yatsa, ina kallon silin, ta ce jinin da zai daskare a ciki shi ne marfin ramin, Bu, ki bar masa marfinsa. Marfi ta ce. Yanzu na ji shi, yanzu, bayan kwana huɗu, kamar wanda aka kira daga tsallaken kogi.

Hantar kazar nan. A magudana. Har da alhamdulillahi.

To ba likitar ba ce. Ba zare ba ne… ko zaren ne ma, amma hannun da ya ja… Kang, da tsinke na bi shi. A hankali na bi shi, don in yi aikin da kyau. Saura huɗu. Wanne kuma na yi a cikinsu? Duka?

Rana ta yi yawa a lungu. Idon hagu ya ƙi ta, yana zuba. Kwano a dama, takarda a hagu, na ninke ta ƙanana har ta ɓace a tafina. Taku bakwai. Takwas. Takalmanta a ƙofa, jajaye, ina ganinsu sarai, har igiyar da ta tsinke aka ɗaure da waya. Ina gani. Har yanzu ina gani.

An rage rediyon.

"Wane ne a nan?"

Faɗin yatsa biyu bakin ke buɗuwa, Kang. Ya isa a faɗa. Ya isa ko? Da me kake farawa, in ka ɗaga takardar… da tsakin ne, ko…