Baba Ya Ci Gwajin Kunne

Ina tsakiyar koya wa 'yan aji uku lissafi wayata ta hau ruri a jaka. Ba na ɗaukar waya a aji, amma kwana huɗu ke nan ina jiran kiran nan, sai na ce wa yaran su yi shiru na fita baranda.

Mutumin kamfanin inshora ne, da muryar nan ta wanda ya ci ya ƙoshi.

"Malama, mun duba takardun mahaifinki. Kuɗin gwaji mun biya. Na'urar jin ce ba za mu biya ba."

"Saboda me?"

"Saboda yana ji. Ga sakamakon a gabana. Wallahi kunnensa ya fi nawa."

Na ce ko dai takardar wani ya ɗauko? Ya karanto min lambar katin Baba tiryan-tiryan, babu kuskure. Baba fa! Mutumin da in ya kunna talabijin, gida uku a layinmu ba sa buƙatar kunna tasu.

"To a sake gwajin mana," na ce.

Nan ya zauna ya karanta min dokarsu. Inshorar da masana'antar su Baba ta yi wa ma'aikata tana biyan gwajin kunne sau ɗaya a shekara, kuma Baba ya ci na bana. Tana biyan na'ura idan gwajin ya nuna jin ya ragu sosai. Ba a saye sai sun amince, amincewarsu kuma kwana uku take ɗauka. Gwaji na biyu sai idan wadda ta yi na farko ta rubuto da hannunta cewa bai inganta ba, ta faɗi dalili.

"Sannan ki tuna," ya ce, "katin yana mutuwa ranar da ma'aikaci ya ajiye aiki."

Wa zai tuna min? Ranar Juma'a Baba zai yi ritaya, yau kuwa Litinin. Na'urar nan in da aljihunmu za mu saya, albashina na wata takwas sai ya tafi, kuma ba mu da shi.

Ba don talabijin nake wannan fafutukar ba. Sati uku da suka wuce Mama ta zame a banɗaki da rana tsaka, ƙugunta ya goce. Baba, da yake aikin dare ne da shi ranar, yana falo yana goge kayan aikinsa, tsakaninsu bango ɗaya. Ta yi kira har muryarta ta dushe, bai ji ba, sai da na dawo daga makaranta na same ta kwance a kan tayil tana rawar sanyi. A asibiti ta riƙe hannuna ta ce kada in kuskura in gaya masa tsawon lokacin da ta yi a wurin. Shi a zatonsa minti biyu ne ko uku. Daga mako mai zuwa kuma su biyu za su riƙa wuni a gidan, ita ba ƙafa, shi ba kunne.

Ana tashi daga makaranta na wuce masana'antar. Gwangwani suke ƙerawa. Tun daga bakin ƙofa kana jin bugun injinan a ƙirjinka, dum, dum, ba fashi. Baba ya shekara talatin da ɗaya a cikin wannan. Abokan aikinsa suna ce masa Kunnen Inji, don a da yana wucewa zai ce inji na uku ƙusa ta kwance, a duba a ga haka ne. Yanzu tafin hannu yake ɗorawa a jikin ƙarfe, amma sunan bai bar shi ba.

Ban same shi ba, ya riga ya tafi gida. Dogo na samu, amininsa, yana wanke hannu a famfon tsakar gida. Na gaya masa abin da ya faru, da ihu, don shi ma sai da ihu. Maimakon ya jajanta min sai ya tuntsire da dariya.

"Ya ci? Ai dama! Shekara goma sha ɗaya bai taɓa faɗuwa ba. Shi ya koya mana duka."

"Ya koya muku me, Baba Dogo?"

Ya waiga hagu da dama, ya rage murya a ganinsa, alhali har mai gadi yana jin sa.

"Duk shekara motar gwaji tana zuwa nan. Wanda ya faɗi, a ɗauke shi daga kan inji a kai shi zaman ƙofa, alawus ya tafi. To wa zai yarda? In ka shiga akwatin nan aka sa maka abin kunne, akwai gilashi, kana ganin mai gwajin. Duk sanda zai saki ƙara, kafaɗarsa sai ta motsa. Kana gani ka danna. Duk sabon da ya zo abin da muke fara gaya masa ke nan: kada ka saurara, ka kalla."

Wato ni na roƙi hutun rabin yini, na kai Baba asibitin kunne, na zauna a benci ina addu'a, shi kuwa yana ciki yana kallon kafaɗar Sistar da ke yi masa gwajin. Raina ya ɓaci.

A gida na same shi a bakin gadon Mama yana ɓare mata lemo. Na tsaya inda zai ga bakina sosai.

"Baba, inshora sun ƙi. Sun ce kana ji."

Ya ci gaba da ɓare lemonsa.

"Na ga Baba Dogo. Ya gaya min zancen kafaɗa."

Wuƙar ta tsaya. Sai ya kawar da kai ya kalli taga. Haka yake yi. Faɗa da Baba ba ya tsawo, in ya gaji sai ya ɗauke ido daga bakinka, shi ke nan ya kashe ka kamar rediyo. Na zagaya na sake tsayawa a gabansa.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa aka sa min, "wallahi ban je da niyya ba. Na shiga, na ga ta motsa, yatsan ya danna da kansa. Ya saba. Da na fara kuma sai na ji kunyar tsayawa."

"To gobe za mu koma ka gaya mata."

"In gaya mata me? Ta rubuta, takarda ta je kamfani, a gane dabarar. Ni Juma'a na tafi. Dogo fa? Saura masa shekara huɗu, 'ya'ya biyar a makaranta. In ci amanar mutane a satina na ƙarshe? A'a. Na saba da kunnena haka, ba abin da ya gagare ni."

"Ba abin da ya gagare ka?"

Mama ta gane inda na nufa. "Ke, kul," ta ce a hankali. "Kin yi min alkawari."

Na yi mata, ban musa ba. Amma alkawarin nan shi zai sake kwantar da ita a kan tayil. Na fizgo takardar magani daga kan durowa, na juya bayanta, na rubuta da manyan baƙaƙe yadda nake yi wa 'yan aji uku: MINTI ARBA'IN TA YI TANA KIRANKA. Na ajiye masa a cinya.

Ya karanta. Ya sake karantawa. Ya dubi Mama, ita kuma ta juya fuska bango, ba ta ce ƙarya ce ba. Lemon ya gangara ƙarƙashin gado, ba wanda ya bi shi. Mama kwana biyu ba ta yi min magana ba, kuma na cancanta.

Washegari ƙarfe takwas muna asibitin. Sista mai gwajin mace ce gajeriya mai tabarau, ba ta da yawan dariya. Na fara zuba bayani, ta ɗaga min hannu.

"Kin san abin da kike nema? In rubuta da hannuna cewa an yi min wayo a ɗakina, in sa hannu, in aika. Shekara tara ina aikin nan."

Na buɗe baki zan ba ta amsa daidai da ita, don ni ma ba kanwar lasa ba ce, sai Baba ya miƙe. Ya cire hularsa ya riƙe da hannu biyu. Ban taɓa ganin ya yi wa kowa haka ba.

"'Yata, laifina ne. Kafaɗarki na kalla. Ban ji ko ɗaya ba sai 'yan na ƙarshe. Ki rubuta ni kaɗai, don Allah. Ni kaɗai na yi."

Ta dube shi ta saman tabarau.

"Abin da ya faru a ɗakina kawai nake rubutawa," ta ce. "Na wani wuri ba ruwana." Ta matso da fuskarta kusa da tasa tana magana dalla-dalla. "Amma ka ji ni da kyau, Baba. Sau ɗaya ne. In ka danna da ka, injin zai nuna, amsoshinka ba za su yi daidai da juna ba. Shi ma sai na rubuta, kuma daga nan inshora ba za su ƙara sauraron ku ba. Abin da ka ji kawai za ka danna."

Ta shigar da shi akwatin, ɗan ɗaki ne kamar na wanka, bangonsa duk soso. Ta juya kujerar ta fuskanci bango. Ta sa masa abin kunne, ta ba shi maɓallin, ta rufe ƙofa mai nauyi. Ta bar ni na tsaya a bayanta. Ta gilashin ƙeyarsa kawai nake gani, da hannunsa na dama a kan gwiwa, babban yatsa a kan maɓalli.

Ta saki ƙara ta farko. A allonta lambar ƙarfin ƙarar ta nuna ashirin. Shiru. Talatin. Shiru. Ta ɗan jira, ta ƙara. Arba'in.

Yatsan ya motsa. Na ga ya ɗaga ya sauko har ya taɓa maɓallin. A raina ina cewa Baba kada ka yi, don girman Allah kada ka yi. Yatsan ya tsaya a wurin, sannan ya koma. Baba ya sa hannun hagu ya riƙe wuyan na dama.

Hamsin. Sittin. Sista ba ta ko ɗaga kai. Gumi ya jiƙa min baya duk da sanyin ɗakin. Minti huɗu muka yi a haka, na san huɗu ne don agogon bango yana saman kanta.

Sai muryarsa ta fito ta lasifikar da ke kan teburinta, da ƙarfi, cikin ladabi.

"Sista, ki fara mana. Na shirya."

Na toshe bakina da gyale. Kuka ya zo min ban shirya masa ba. Sista ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta ƙara lambar. A saba'in ya danna. Ta rage, shiru. Ta mayar saba'in, ya sake dannawa. Haka suka yi ta yi, kunnen dama, kunnen hagu, kuma duk inda ya danna da farko nan yake dannawa in ta dawo.

Da ya fito bai tambayi sakamako ba. Ya sa hularsa ya ce, "Na faɗi ko?"

"Ka faɗi, Baba," na ce.

Ya gyaɗa kai. "Madalla."

Kafin sha ɗaya Sista ta aika takardar. Daga nan sai jira. Laraba na kira mutumin inshora sau uku, ya ce tana kan tebur. Alhamis ya ce tana gaban likitansu. Na ce masa in Juma'a ta wuce, a kan teburin nan nasa zan zo in zauna da kaina. Ranar Juma'a Baba ya tafi aikinsa na ƙarshe da gogaggun kaya, ni kuma ina aji waya a tafin hannu, yara suna ta ɓarna ban ko tsawata ba. Ƙarfe uku da minti ashirin saƙon ya shigo: an amince. Ƙarfe huɗu ya miƙa katinsa a ƙofa.

Bayan sati biyu aka sa masa na'urar, 'yar mitsitsiya a bayan kowane kunne. Kwanan farko masifa ya yi ta yi: firji yana da surutu, takalmina yana da surutu, ni kuma ashe haka nake ihu? Na ce shi ya koya min. Dogo ya zo dubiya, na ga Baba ya ja shi gefe ya tura masa katin asibitin a aljihu, yana cewa ya je tun katin inshorarsa da rai, kuma ya ce a juya masa kujera.

Ranar Asabar ina wanke-wanke a kicin, Baba yana falo yana duba jarida. Daga can ɗaki Mama ta kira shi, a hankali, da muryar da ko ni da ƙyar na ji.

"Malam."

"Na'am!" Har ya miƙe, jarida ta zube. "Me kike so?"

"Ba komai," ta ce.

Ya koma ya zauna. Ban gama ɗauraye kofuna ba ta sake kira.