Saitin Ylva

Babur ɗin tafiya kan dusar ƙanƙara ya yi wata da watanni a garejin Sixten, lulluɓe da tsohon bargo. Ba wanda ya taɓa shi tun rasuwar Ylva. Ita ce 'yarsa tilo, mai walda ce, kuma ita ta haɗa wa babur ɗin turbo, na'urar ƙara wa inji ƙarfi, da hannunta. Ta ciro shi daga wata matacciyar mota a bola, ta yanka bututu, ta lanƙwasa, ta liƙe, uban na gefe yana riƙe mata fitila, tana yi masa tsiya wai hannunsa na rawa. A watan Afrilu ta gama saiti, lokacin da rana ta dawo, ƙanƙara na narkewa, ruwa na ɗiga daga bakin rufi. Ciwon ajalinta ya bayyana da bazara. Kafin dusar ƙanƙarar farko ta sauka an binne ta.

Sixten bai yi kuka ba. Kada ma a ce jarumta ce, kukan ne kawai bai zo ba. Ya tashi, ya dafa kofi, ya share dusar ƙofar gida, ya zauna. Ko me ya sa a baki, ɗanɗanonsa ɗaya.

Wata safiyar Janairu, sanyi har fasa itatuwa yake, ya yaye bargon. Östen, maƙwabcinsa tun ƙuruciya, ya jiyo ƙarar ƙofar gareji, ya tsallako yana taunar busasshen nama.

"Kai tsoho, yau kuma tsere za ka shiga?"

"Kan ƙanƙarar tafki zan kai shi."

"A wannan sanyin? Ka ƙara masa mai?"

Sixten ya sunkuya kan injin. Ai ya sani, wa bai sani ba a ƙauyen nan? Iskar sanyi ta fi nauyi, inji na haɗiyarta da yawa, ga turbo na ƙara ɗura masa. In mai bai ƙaru ba, zafi ya yi yawa a ciki, fistin ya narke. Abin da ke auna man wasu 'yan notina ne na tagulla a cikin kafireta, masu huda kamar ta allura. In sanyi ya tsananta, a cire su a sa masu babbar huda, shi ke nan. Kafin kofi ya huce an gama.

Har ya ɗauki sifana. Sai dai Ylva tana da wata ɗabi'a: duk notin da ta gama ɗaurewa sai ta ja masa layin fenti ruwan ɗorawa, daga kansa zuwa jikin ƙarfen, don in ya motsa ta gani. Ga layukan nan ko'ina a jikin injin, wasu a karkace saboda sauri. In ya juya na kafiretar, layin ya tsinke, kuma ba mai sake jan sa. Ya ajiye sifanar.

"Saitinta ne," in ji shi.

"Saitin Afrilu ne, Sixten! Da tana nan da ta zage ka tas, ta ƙwace sifanar."

"A hankali zan tafi."

"A hankali? To me ya kai ka hawan wannan? Ga nawa can, ko akuya ta fi shi gudu, ɗauka."

Sixten ya ja igiyar tayarwa. Injin ya yi tari, ya kama, hayaƙi ya cika garejin. Östen ya girgiza kai, ya koma ya tayar da nasa, don bai ga ta barin mutum shi kaɗai a kan tafki ba.

Gari ya yi wannan hasken na tsakiyar hunturu, ba rana ba, ba duhu ba. Tafkin a daskare, a shimfiɗe, fari fat, ba sawun kowa. Da farko Sixten ya cika alkawari, yana lallaɓawa a bakin gaɓa. To amma turbo ba ya farkawa a tafiyar lallaɓawa. Sai an matsa masa yake fara wannan fiton siriri, kuma Sixten sau ɗaya ya taɓa jin sa, daga bakin gaɓa, ranar da Ylva ta wuce shi tana ihu cikin hular kwano. Yana so ya ji ko zai ji wani abu in ya sake jin sa. Iyakar abin da ya fito da shi ke nan.

Ya danna totur.

Kai, yarinyar ta iya aiki! Fiton ya taso, gaban babur ya ɗaga, itatuwan gaɓa suka haɗe suka zama baƙin layi ɗaya. Wani abu ya motsa a ƙirjinsa, ya fara tasowa. Bai saki totur ba. Ya san ya kamata ya saki, bai saki ba. Sai wani ƙas-ƙas ya fito daga ƙasansa, sannan ƙwas! Babur ya ja jiki a kan dusa, ya tsaya. Abin da ya taso a ƙirjin ya koma inda ya fito.

Östen ya iso. Ya buɗe murfi, ya kwance fulogi, ya ɗaga shi ga haske. Maimakon ruwan ƙasa, fari ne sol, ga ɗige-ɗigen narkakken ƙarfe a bakinsa. Ya ja igiyar tayarwa, ta ƙi motsi.

"Ya buga," in ji Östen.

"Zai gyaru?"

"Zai gyaru mana." Östen ya kawar da kai, ya dubi gaɓa. "Amma sai an sauke shi gaba ɗaya. Turbo, bututu, kan inji, duka. Ba notin da zai rage ba a kwance ba."

Sixten ya ce, "To."

Östen ya ɗauko igiyar ja, ya tsaya da ita a hannu. "Taso mu ɗaura, kafin mu daskare."

"Dakata tukuna."

Ya cire safar hannu, ya ɗora tafinsa a kan bututun da ta yi wa walda. Da sauran ɗumi. Östen ya buɗe baki zai yi maganar yatsu da sanyi, ya fasa. Har ƙarfen ya huce Sixten bai ɗauke hannun ba.