Ɗinkin da Ke Cikin Jini

Tela mutum ne da ba ya yarda da abin da bai gane ba. Wata uku yana kai matarsa asibiti, yana zama kan kujerar roba yana kallon maganin ciwon daji na ɗiga cikin jijiyarta. Ran nan dai ya tsare likita a bakin ƙofa.

"Likita, don Allah, me ruwan nan yake yi mata a ciki?"

Likitar ta dubi tef ɗin awo da ke rataye a wuyansa, wanda ko gidan biki da shi yake zuwa.

"Baba, ka san zik ai. Cikin kowace ƙwayar halitta akwai zare biyu a harɗe, DNA muke ce masa. Kafin ƙwaya ta hayayyafa, sai zaren ya zuge gida biyu, a kwafi kowane ɓari. Maganin nan kama ɓarin biyu yake, ya ɗinke su wuri guda. Zik ya ƙi buɗuwa, ƙwayar ciwon ta mutu."

Kai, ranar Tela har da dariya. Ashe ma ɗinki ne! Ya koma gefen gado yana cika baki. "Lukuta, kwantar da hankalinki, sana'ata ake yi miki a ciki." Lukuta yake ce mata tun suna amare, ga ta yanzu sai ƙashin wuya.

Duk wata sai ya rage mata riguna, amma bai taɓa sa almakashi ba. Naɗe rarar yadin yake daga ciki ya bi da keke, yadda ake yi wa wanda zai ƙara jiki.

A wata na shida aka sake hoto. Likitar ta ja masa kujera da kanta, ya zauna.

"Ciwon ya koyi farke ɗinkin, Baba. Muna ɗinkewa, yana warwarewa."

"To a bi sau biyu mana! A koma baya a kulle bakin zaren, haka muke yi."

"Maganin ba shi da ido. Ya ɗinke na ɓargonta ma, ƙodarta ta gaji. In muka ƙara, shi zai riga ciwon."

Shekara arba'in yana gyara ɓarnar wasu, yau ga ɗinki a jikin matarsa, hannunsa ba ya kai wa. Tsoro ya kama shi, tsoro tsagwaronsa.

A gida ta miƙo masa shuɗiyar rigarta, wadda ta fi so. Ta juya cikin, ta shafa naɗin da ya taru ninki huɗu.

"Baban yara, wannan tudun yana cin min haƙarƙari in na kwanta. Yanke shi kawai."

"In kin ƙara jiki fa?"

Ta dube shi. Ta ɗauko almakashin daga kan keke, ta sa masa a hannu, ta rufe yatsunsa a kai.