Jirgin Yola da Ya Tsaya Gaisuwa

Daren jiya na yi wani mafarki da har yanzu raina bai huce ba. Wai matata Sa'adiyya ta haihu a gidansu a Yola, gari na wayewa za a raɗa suna, ni kuwa ina Kano. Na yi alkawarin sa wa yaron sunan mahaifina marigayi, Malam Tukur. Yayana Haladu kuwa ya riga ni isa can, ya rantse idan liman ya zauna ba na nan, sunansa shi Haladu za a sa. Na laluba aljihu in kira su, na tarar wayata ta zama dankali.

Sai ga ni a filin jirgi. Wani bunsuru mai tabarau ne a kan teburin tikiti, yana tauna hatimi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, tsakanin Kano da Yola a sama nisa nawa ne?"

Ya ce, "Mutum nawa ka sani a hanya?"

"Ina ruwan nisa da mutanen da na sani?"

"Da su muke awo. Maraya kan isa cikin awa guda. Mai dangi, sai yadda Allah ya yi."

Muka tashi. Ruwan sama yana fitowa daga ƙasa yana wuce mu, ba wanda ya kula. Ba mu yi nisa ba jirgin ya ci birki a kan Dutse. Direban, wani dattijo mai suna Baba Ilu, ya buɗe taga, ya cire takalmi, ya durƙusa.

"Ina kwana? Ina gajiya? Ya mai jiki? Ya su o'o?"

Surukansa ne a ƙasa. Sai da ya tambayi lafiyar kowa, har jakin gidan.

A kan Bauchi wata hajiya ta tuna ba ta yi wa ƙawarta ta'aziyya ba. Muka tsaya. A kan Gombe aka miƙo mana fura a guga, aka ce mayar da ita rashin kunya ne. Gabas ta fara ja. Na miƙe tsaye.

"Haba Baba! Jirgi ne wannan ko ziyarar salla? Suna fa za a yi mini!"

Baba Ilu ya ce, "Yaron nan ba ka da tarbiyya. Mu wuce ta saman kan mutane ba gaisuwa?"

Fasinjoji suka yi mini caa, wai ni ne marar mutunci. Ni!

Da ƙyar muka iso Yola. Ga ƙofar gidan surukaina can ƙasa, an shimfiɗa tabarmi, ga rago, ga Yaya Haladu ya manne wa liman. Na ce a sauka. Baba Ilu ya gyara murya.

"Salamu alaikum!"

Shiru. Hankalin duk garin yana kan sunan ɗana, ba mai amsawa. Ya sake, shiru. Ya yi ta uku, sannan ya kama sitiyari.

"Sallama uku ba amsa, baƙo juyawa yake yi. Sai Kano."

Na riƙe rigarsa ina roƙo, na leƙa ta taga ina ihun "Tukur! Tukur!" Muryata ta yi sama ta bar su. Jirgin na juyawa na ji maroƙi ya ɗaga murya: "Jama'a, yaro ya ci sunan Haladu!" Na ga yayana yana karɓar barka yana washe baki, aka shafa fatiha ba da ni ba.

Hawayen takaici ne a idona lokacin da injin markaɗen maƙwabta ya tashe ni.