Turmin Kafinta a Hannun Auta

Haƙorin turmi ɗaya ya rage mini a gefen hagu na ƙasa, kuma da shi nake duk wata tauna, don na dama sun daɗe da yi mini sallama. Shi ma ɗin ba lafiyayye ba ne. Wani likita ya taɓa goge shi ya kifa masa hular tangaran, hular ta tsage. Ya sake wata, ita ma ta bi 'yar'uwarta ina tsakiyar cin abinci. Da na koma sai ya ɗaga kafaɗa, ya ce a cire kawai a huta.

Auta, 'yata, likitar haƙori ce. Ni kuwa kafinta, kuma ban ga abin da zai sa in je in wangale baki gaban yarinyar da na koya wa riƙe cokali ba. Uwarta ce ta gaji da ganina ina tauna kamar tsohon rago, ta tasa ni gaba har asibitin.

Auta ta kwantar da ni a kujerar nan mai lanƙwasa, ta haska mini fitila a fuska, ta ciro ragowar hular da ɗan ƙarfe. Ta daɗe tana kallo.

"Baba, ba tangaran ɗin ne da laifi ba," in ji ta. "Haƙorin da ke ƙarƙashi an bar masa kusurwa mai kaifi. Duk lokacin da kuka tauna, nauyin kan tsinin nan yake taruwa, sai ya tsaga hular ta ciki."

"To ki yi mai kauri mana."

"Ko na yi mai kaurin bango, in ta zauna kan tsini sai ta fashe. Ku da kuke ɗora gilashi kan tebur, kuna barin kan ƙusa a ƙarƙashinsa?"

Yarinya ta zo mini ta inda ba ni da bakin musu, abin ya ba ni haushi, ya kuma yi mini daɗi.

Sai ta faɗa mini gaskiyar da ban so ji ba. Dole ta goge kusurwar ta zama mai santsi, ta yi wa gindin haƙorin ɗan dakali a kewaye inda bakin hular zai zauna daram. Amma abin da ya rage na haƙorin kaɗan ne, jijiya kuma tana nan dab. In ta zarce, shi ke nan, sai cirewa.

Ta yi mini allura, leɓena ya mutu. Injin gugar haƙori ya fara kuka a kunnena, ruwa na fesowa. Wallahi tsoro na ji, na ƙanƙame hannun kujera kamar za a ƙwace mini ita. Ta ɗan goga ta tsaya, ta busar, ta leƙa da madubi, ta bi wurin da bakin ƙarfe ta ji ko akwai inda ya kama. Ta sake gogawa ɗan mitsitsi. Ni da nake zagin masu gaggawa a wurin aiki, yau ni ne nake addu'ar a yi sauri. Bayana ya ƙage, muƙamuƙina ya gaji, ita kuwa ko a jikinta. Hannun nan nata bai yi rawa ba ko sau ɗaya.

Can sai injin ya yi shiru.

"Haƙorin ya tsira, Baba. Ban taɓa jijiyar ba. Wannan karon hular za ta sami wurin zama."

Ta miƙo mini madubi. Ɗan kututture ne fari, ba tsini ba gefe, sumul kamar an bi shi da sanfefa mafi laushi. Aiki ne da ni kaina zan yi alfahari da shi. Ta juya tana cire safar hannu, safar ta suɓuce mata ta faɗi ƙasa.

Na buɗe baki in sa mata albarka. Leɓen ya ƙi bin umarni, maganar ta fito a karkace, miyau ya biyo ta har haɓa. Auta ta ɗauko auduga, ta riƙe mini haɓa da hannu ɗaya ta share.

"Amin, Baba," ta ce. "Na ji."